BABI NA UKU: TARIHIN TIYATAR TSINKEN ƘASHI DON MAGANCE CIWON WUYA DA MAƘOGWARO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda likitocin Turai da Amurka suka gano cewa wani ɗan siririn ƙashi da ke ƙarƙashin kunne yana iya haddasa ciwon wuya da maƙogwaro idan tsawonsa ya wuce kima, da kuma yadda suka riƙa yin tiyata domin rage masa tsawo. Za a fara da bayanin ƙashin da abubuwan da ke kewaye da shi, sannan a waiwayi waɗanda suka fara lura da shi, a zo kan aikin Watt Eagle wanda ciwon ya ci sunansa, a kuma duba muhawarar da ta biyo baya. Abin da babin yake son nunawa shi ne, likitoci sun iya yanke wannan ƙashi tun da daɗewa, amma tambayoyi biyu ne suka riƙa ci musu tuwo a ƙwarya: wane majinyaci ne ya cancanci a yi masa aikin, kuma ta wace hanya za a isa ga ƙashin ba tare da an yi ɓarna ba.

3.1 Tsinken Ƙashi da Maƙwabtansa

Likitoci suna kiran wannan ƙashi sitailoyid, daga wata kalmar Girkanci mai nufin ginshiƙi. A wannan aiki za a riƙa kiransa tsinken ƙashi, saboda kamanninsa da tsinke. Kowane mutum yana da guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Yana tsirowa ne daga gindin ƙoƙon kai, daidai ƙarƙashin kunne, ya gangaro ƙasa yana ɗan karkata zuwa gaba da kuma ciki, wato wajen maƙogwaro. Tsawonsa a jikin baligi yakan kai santimita 2.5 zuwa 3, kimanin gaɓar yatsa ɗaya ke nan. Idan ya haura santimita 3, sai a ce ya yi tsawo.

Tsokoki uku ne suke maƙale a jikinsa: ɗaya ta nufi harshe, ɗaya ta nufi bangon maƙogwaro, ta ukun kuma ta nufi ƙashin gindin harshe. Akwai kuma jijiyoyin ɗauri guda biyu, wato zarurrukan da ke haɗa ƙashi da ƙashi. Ɗaya tana haɗa shi da muƙamuƙi, ɗayar kuma da ƙashin gindin harshe. Wannan ta biyun tana da muhimmanci a tarihin ciwon, domin ita da tsinken ƙashin asalinsu ɗaya ne tun a cikin mahaifa. Daga guringuntsi guda suka samu, wanda ake kira guringuntsin Reichert, da sunan masanin nan na Jamus da ya bayyana shi a shekarar 1837. Saboda haka ne a jikin wasu mutane wannan jijiya takan daskare ta koma ƙashi, har tsinken ya zama kamar sanda guda daga gindin kai zuwa gindin harshe.

Abin da ya sa ƙaramin ƙashi irin wannan ya zama abin tsoro ga likitan fiɗa shi ne maƙwabtansa. Tsininsa yana ratsawa ne tsakanin manyan jijiyoyin jini biyu da ake kira karotid, ta ciki mai kai jini ƙwaƙwalwa da ta waje mai kai jini fuska. Kusa da shi akwai babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai. Jijiyar saƙo mai motsa tsokokin fuska tana fitowa ne daga wani ɗan rami a bayan gindinsa, ita kuwa wadda ke ɗauko ji daga maƙogwaro da bayan harshe tana bi ta gefensa. Daga cikin baki kuma, tsinin yana fuskantar gurbin tansil, wato tsokokin nan biyu da ke hagu da dama a ƙofar maƙogwaro. Ya kamata a lura cewa tansil daban, beli daban. Beli shi ne wanda ke reto a tsakiya, kuma ba shi da alaƙa da wannan ciwo.

3.2 Daga Fiɗar Gawa Zuwa Tiyatar Farko (1652 - 1907)

Masu binciken gawa ne suka fara ganin wannan tsawo, tun kafin a san yana cutar da mai rai. Marubuta tarihin ciwon suna danganta bayanin farko ga Marchetti, wani masanin fiɗa na birnin Padua a Italiya, wanda a shekarar 1652 ya bayyana jijiyar ɗaurin da ta koma ƙashi. Fiye da shekara ɗari biyu bayan haka, ana kallon lamarin ne a matsayin abin al'ajabi na halitta kawai. Dalili kuwa a fili yake: gawa ba ta faɗin inda ke mata ciwo, shi kuma mai rai babu hanyar leƙa cikin wuyansa.

Abubuwa biyu ne suka buɗe ƙofar tiyata a ƙarni na sha tara. Na farko shi ne maganin sa barci, wanda aka gwada a bainar jama'a a birnin Boston a shekarar 1846. Na biyu shi ne hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wurin aiki, wadda Joseph Lister ya wallafa a shekarar 1867. Jim kaɗan bayan wannan, a shekarar 1872, aka sami tiyatar da ake ɗauka ita ce ta farko a kan tsinken ƙashi, wadda ake danganta wa Weinlechner, likitan fiɗa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Idan aka yi la'akari da cewa sai a shekarar 1895 ne Röntgen ya gano hasken eksire da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, za a ga cewa an yanke wannan ƙashi shekara 23 kafin a iya ganinsa a hoto. Yatsan likita shi ne idonsa a wancan lokaci.

A shekarar 1907 Thomas Dwight, malamin ilimin sassan jiki a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya wallafa nazari a kan daskarewar wannan jijiya. Duk da haka rahotannin sun ci gaba da zama a warwatse, wannan a mujallar masu fiɗa, wancan a ta masu binciken gawa. Ciwon ba shi da suna, kuma ba a tsara alamominsa yadda likitan da ke duba marasa lafiya zai gane shi ba.

3.3 Gudummawar Watt Eagle (1937 - 1962)

Watt W. Eagle likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne a Jami'ar Duke da ke garin Durham, jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Domin a fahimci aikinsa, dole a san zamanin da ya yi shi. A farkon rabin ƙarni na ashirin, cire tansil yana cikin tiyatar da aka fi yi a Amurka, kuma ana yin ta ga yara da manya a kan dalilai masu yawa. Wasu daga cikin waɗanda aka yi wa aikin sai su riƙa dawowa asibiti suna cewa maƙogwaron bai daina ciwo ba, alhali rauni ya warke, kuma likita ya duba bai ga komai ba.

A shekarar 1937 Eagle ya wallafa rahoton majinyata biyu, inda ya nuna cewa tsinken ƙashi mai tsawo ne sanadin ciwonsu. Ya ci gaba da rubutu a kan batun a shekarun 1948 da 1949 da 1958 da 1962. Daga waɗannan rubuce-rubuce ne aka sami rabe-raben ciwon gida biyu.

Kashi na farko shi ne wanda yakan biyo bayan cire tansil. Bayanin Eagle shi ne, tabon da ya fito a gurbin tansil yakan ɗaure a kan tsinin ƙashin, ya riƙa jan jijiyoyin saƙo da ke wurin. Majinyaci yakan ji ciwo mai naci a ɓari ɗaya na maƙogwaro, ya ji kamar ƙayar kifi ta maƙale masa, haɗiya ta yi masa wuya, zafin kuma ya riƙa harbawa zuwa kunne. Kashi na biyu ba ya buƙatar a ce an taɓa cire tansil. A nan ƙashin ne yake danna ɗaya daga cikin jijiyoyin karotid. Idan ta ciki ya danna, ciwon yakan hau gefen kai da kewayen ido. Idan ta waje ce, yakan tsaya a fuska ƙasa da ido. Juya wuya yakan tsananta shi.

Eagle ya kuma bar wa likitoci hanyar gwaji mai sauƙi. Ya ce idan aka sa yatsa a gurbin tansil, ba a jin tsinken ƙashi mai daidaitaccen tsawo. Idan kuwa aka ji wani abu mai tauri da tsini, kuma dannawar ta tayar da ainihin ciwon da majinyaci yake kuka da shi, to an kama bakin zaren. Har ila yau ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 4 cikin 100 na mutane suna da tsinke mai tsawo, amma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suke jin ciwo. Wannan magana ta ƙarshe ita ce mafi nauyi a cikin abin da ya bari, kamar yadda za a gani a gaba.

Amfanin wannan aiki ga marasa lafiya ba ƙarami ba ne. Alamomin ciwon sun yi kama da na ciwon haƙori, da na gaɓar muƙamuƙi, da na ciwon jijiyoyin fuska, da na ciwon ɓarin kai. Rahotannin likitoci sun nuna yadda wasu majinyata suka yi shekaru suna yawo daga wannan likita zuwa wancan, aka cire wa wasu haƙora masu lafiya, wasu kuma aka tura su wurin likitan ƙwaƙwalwa bisa zaton cewa damuwa ce kawai. Da ciwon ya sami suna, sai ya shiga jerin abubuwan da likita zai tuna da su kafin ya yanke hukunci.

3.4 Ta Baki Ko Ta Wuya?

Hanyar da Eagle ya bi ita ce ta cikin baki, kuma hakan bai zo da mamaki ba, domin nan ne fagen da likitan maƙogwaro ya saba da shi. Yadda ake yin aikin shi ne, idan tansil yana nan sai a fara cire shi. Daga nan likita ya laluba tsinin ƙashin da yatsa, ya tsaga fatar gurbin da tsokar da ke bayanta, ya saɓule tsokoki da jijiyoyin ɗauri daga jikin ƙashin da wani ƙarfe mai zobe a baki, ya datse abin da ya bayyana da almakashin ƙashi, sannan ya ɗinke. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, kuma ba ya barin tabo a waje.

Sai dai wannan hanya tana da illoli uku. Na farko, wurin ƙunci ne da duhu, likita yana aiki kusa da karotid ba tare da yana ganinta sosai ba, kuma idan jini ya ɓalle tsayar da shi ta cikin baki abu ne mai wuya. Na biyu, baki cike yake da ƙwayoyin cuta, tsaga bangon maƙogwaro kuwa buɗe musu ƙofa ne zuwa cikin wuya, inda mugunya za ta iya taruwa. Wannan haɗari ya fi girma a lokacin da Eagle ya fara aikinsa, domin sai a shekarun 1940 ne maganin fenisilin ya wadata. Na uku, sau da yawa tsinin kawai ake iya cirewa, a bar sauran.

A shekarar 1942 Loeser da Cardwell suka bayyana hanyar shiga ta waje. A nan ana tsaga fatar wuya ne a ƙasa da kusurwar muƙamuƙi, a bi ta gaban babbar tsokar gefen wuya, a janye tsokoki gefe har ƙashin ya bayyana tare da jijiyoyin da ke kewaye da shi, sannan a yanke shi kusa da gindi. Likita yana ganin abin da yake yi, wurin aikin kuma tsaftatacce ne tun da ba a ratsa baki ba. Ita ma tana da nata farashin: tana ɗaukar lokaci, tana barin tabo a wuya, kuma reshen jijiyar fuska da ke bi ta gefen muƙamuƙi yana iya taɓuwa, leɓen ƙasa ya karkace na ɗan lokaci ko ma na dindindin.

Akwai wata dabara ta uku da aka gwada, wato karya ƙashin da yatsa ta cikin baki ba tare da an tsaga ba. Ba ta sami karɓuwa ba, saboda guntun da ya karye yana nan a cikin wuya, yana iya haɗewa a karkace ko ya soki abin da ke kusa da shi.

Muhawara tsakanin hanyoyin biyu ta yi ƙarfi a shekarun 1980. Strauss da abokan aikinsa (1985), da kuma Chase da abokan aikinsa (1986), sun wallafa nazarce-nazarcen da suka kwatanta su. Abin da aka fi tsayawa a kai daga baya shi ne, kowace hanya da inda ta fi dacewa. Idan ana jin tsinin a gurbin tansil kuma babu alamar taɓa jijiyar jini, ana iya bi ta baki. Idan kuwa ƙashin ya yi tsawo ƙwarai, ko yana danna karotid, ko majinyaci ba ya iya buɗe baki sosai, bi ta wuya ya fi aminci.

3.5 Hoton Ƙashi da Tambayar Wa Za a Yi Wa Aiki

A hoton eksire na farko-farko, tsinken ƙashi yakan ɓuya a bayan muƙamuƙi da sauran ƙasusuwan kai. Abin ya canza da zuwan na'urar da ke ɗaukar muƙamuƙi gaba ɗaya a hoto guda, wadda ta samo asali daga aikin Yrjö Paatero na ƙasar Finlan, ta kuma bazu a asibitocin haƙori daga shekarun 1960. Wannan hoto yana nuna tsinken dama da na hagu a lokaci ɗaya. Nan da nan likitocin haƙori suka fara ganin dogayen tsinkaye a jikin mutanen da ciwon haƙori kawai ya kawo su. Correll da abokan aikinsa (1979) sun duba hotuna 1,771, suka tarar da tsawon ko daskarewar a kimanin kashi 18 cikin 100, adadin da ya ninka ƙiyasin Eagle fiye da sau huɗu. Langlais da abokan aikinsa (1986) kuma suka rarraba abin da ake gani a hoto gida uku: tsinke mai tsawo a miƙe, da mai kama da yana da gaɓa, da wanda ya rabu gunduwa-gunduwa.

Wannan ci gaba ya zo da sabuwar matsala. A da haɗarin shi ne a kasa gane mai ciwon. Yanzu kuma sai ga haɗarin a ɗora wa ƙashin laifin da ba nasa ba. Mutum yana iya samun dogon tsinke da ciwon maƙogwaro a lokaci ɗaya, alhali ciwon daga wani wuri yake. Idan aka yi wa irin wannan tiyata, ya ɗauki haɗarin wuƙa a banza, ciwonsa kuma yana nan. Rubuce-rubucen likitoci sukan ambaci cewa har kimanin kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin ba sa rabuwa da ciwon, kuma daga cikin dalilan da ake kawowa akwai rashin rage ƙashin yadda ya kamata, da tabon da ke kama jijiya bayan aiki, da kuskuren gano ciwon tun farko.

Saboda haka likitoci suka koma ga haɗa hujjoji. Ana sauraron labarin majinyaci, a laluba gurbin tansil kamar yadda Eagle ya koyar, sannan a yi allurar kashe zafi ta lidokain a wurin. Idan ciwon ya lafa na ɗan lokaci, hakan yana ƙarfafa zaton cewa daga nan yake. Akan kuma fara gwada magani kafin wuƙa, kamar magungunan kumburi, da na ciwon jijiya irin su kabamazefin da gabafentin, da allurar sitiroyid. Waɗannan suna rage zafi, amma ba sa rage tsawon ƙashi, don haka ciwon yakan dawo a wurin wasu.

Na'urar siti-sikan, wadda aka fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a shekarar 1971, ta ƙara haske a kan lamarin, musamman da aka kai ga haɗa hotunanta su ba da siffar ƙashi ta kowace fuska. Da ita ake auna tsawon tsinken da karkatarsa, idan kuma aka zuba ruwan da ke haska jijiyoyin jini, a ga ko yana danna karotid lokacin da aka juya kai. Ta haka aka tabbatar da cewa kashi na biyu da Eagle ya bayyana yana iya wuce ciwo kawai: an sami rahotannin suma, da tsagewar bangon karotid, da shanyewar ɓarin jiki. A irin wannan hali manufar tiyata takan zama kare ƙwaƙwalwa.

3.6 Sauye-sauyen Baya-bayan Nan

Sababbin kayan aiki sun fi mayar da hankali ne ga gyara babban aibin hanyar baki, wato rashin gani. An shigo da siririn bututu mai kyamara da fitila, wanda ke nuna wurin aiki a allo. An kuma samar da dabarar isa ga ƙashin ba tare da an cire tansil ba. A shekarar 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da amfani da mutum-mutumin tiyata na da Vinci wajen wasu ayyuka ta cikin baki, daga baya kuma wasu likitoci suka yi amfani da shi wajen rage tsinken ƙashi. Sai dai tsadar wannan na'ura ta taƙaita ta ga manyan asibitoci, kuma hanyar wuya ta ci gaba da riƙe matsayinta.

A shekarar 2019 Zamboni da abokan aikinsa a Italiya suka bayyana wani kashi na uku, inda tsinken yake matse babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai, tsakaninsa da ƙashin wuya na farko, abin da ake dangantawa da ciwon kai mai naci. Wannan ya sake tayar da tsohuwar tambayar, domin ana ganin irin wannan matsewa a hoton mutanen da ba sa kukan komai.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa tarihin tiyatar tsinken ƙashi ya bi matakai huɗu. Masu binciken gawa sun ga tsawon tun shekarar 1652 ba tare da sun san illarsa ba. Likitocin fiɗa sun fara yanke shi a shekarar 1872, kafin a sami hoton ƙashi. Eagle, daga shekarar 1937, ya tattara alamomin ya ba likitoci hanyar gane su. Daga nan kuma na'urorin hoto suka nuna cewa masu dogon tsinke suna da yawa, masu ciwonsa kuwa kaɗan ne. An kuma ga cewa zaɓi tsakanin hanyar baki da ta wuya zaɓi ne tsakanin guje wa tabo da samun sararin gani, kuma yanayin majinyaci ne yake raba gardama. A taƙaice, tsawon ƙashi shi kaɗai bai isa hujjar tiyata ba. Sai labarin majinyaci da yatsan likita da allurar gwaji da hoto sun yi nuni zuwa wuri ɗaya, sannan a ɗauki wuƙa.